Daminar da Muka Ɓoye Kwanukan Maman Ngozi

Ruwan farko na bana a aji ya same ni, muna tsakiyar darasin lissafi. Iska ta fara ɗaga takardun da aka manna a bango, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, ’yan ajinmu suka hau ihu kamar ba su taɓa ganin hadari ba. Ni kuwa duk shekara in na ji wannan ƙamshi sai ya mayar da ni daminar da muka koma Kamazou, ina aji biyu a ƙaramar sakandare. A daminar ce muka ɓoye kwanukan mutane a ƙarƙashin gado.

Da can a Barnawa muke, a gida mai ɗaki biyu da falo. Baba yana aiki a wani kamfani a Kakuri, sai aka rage ma’aikata, abin ya faɗa kansa. Ya karɓi keken haya yana ja, bai daɗe ba fetur ya yi tashin da ya sa mutane suka koma tafiya a ƙasa, mai keken ya karɓe abinsa. Firji ne ya fara fita daga gidanmu, sai talabijin, sai tukunyar gas. Daga ƙarshe mu ma muka fita, ni da Baba da Mama, da ɗan abin da ya rage a bayan akori-kura.

Gidan da muka samu a Kamazou irin gidan hayar nan ne da ɗakuna ke kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A irin wannan gida ba a ɓoye tukunya. In ka soya albasa kowa ya ji, in ba ka hura wuta ba kowa ya gani.

Ƙofarmu tana kallon ta Maman Ngozi. Ibo ce, amma a Sabon Tasha aka haife ta, Hausa a bakinta ta fi tawa gudu. Mijinta yana da shagon kayan gyaran mota a Kakuri. Su ke da ɗaki biyu a gidan, su kaɗai ke da janareto. ’Yarta Ngozi sa’ata ce, sai kuma autarsu Ada, ƙaramar yarinya mai bakin da ba ya ajiye magana.

Ranar da muka tare, muna cikin jera kaya, sai ga Ngozi da kwano a rufe. Shinkafa ce da miya, har da nama. Muka ci, Mama ta wanke kwanon, sannan ta tsaya tana kallon cikin ɗaki. A wurinmu ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko mene ne sai an ɗan saka. Ta ɗauko kwalin ashana ta jefa ciki ta ce in kai. Na kai, aka karɓa da godiya. Bayan ’yan kwanaki wani kwanon ya zo, da doya da manja. Mama ta sake saka ashana, ta haɗa da ɗan ƙullin gishiri.

Wannan karon Ada ce ta karɓa a bakin ƙofa. Ta buɗe murfin nan take, ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

“Momi! Ashana ce kuma! Su ashana suke dafawa?”

Mata biyu masu wanki suka kwashe da dariya kafin su kama bakinsu. Maman Ngozi ta fito da gudu ta finciki yarinyar tana cewa, “Wannan bakin naki, sai na ɗinke shi yau!” Mama tana bakin rijiya. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da jan guga, amma na ga ruwan yana zuba a ƙafarta ba a bokiti ba.

Da ta shigo ɗaki ta saki labule ta ce, “Alheri, ki saurare ni. Kwanon matar nan ba zai ƙara fita daga ɗakin nan ba sai da abincin da na dafa da hannuna, wanda za a buɗe a gaban kowa.”

To, me muke dafawa a lokacin? Da safe koko ba sukari. Da rana garin kwaki a jiƙa da ruwa, in an yi sa’a da ɗan ƙuli. Da yamma tuwo, miyar kuwa kuka ce da gishiri, ana ganin gindin tukunya ta cikinta. Ba abin da za a zuba a kwanon mai janareto ba ne. Ƙin karɓar abincin maƙwabciya kuma zagi ne. Saboda haka kwano ya zo, mu karɓa, mu ci, Mama ta goge shi da toka har ya yi ƙyalli, ta tura shi ƙarƙashin gado. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da nake ji in na hango Ngozi ta nufo mu da abu a hannu. Bakina ya cika da yawu, kaina kuma ya yi nauyi. Da haka muka tara uku: na silba, da samira mai furanni, da wata babbar kula ja mai riƙe zafi, wadda ta zo da dafa-duka ranar Ista.

Mama ba mai zama ba ce. Tun cikin zafin bazara ta dinga zaga bayan unguwa har ta samu wani fili da aka zagaye da katanga ba a gina ba, ciyawa ta cinye shi. Na wani Alhaji ne da ke zaune a Abuja. Mai kula da filin ya ce ta noma, ko ba komai macizai sa ragu, amma duk ranar da Alhaji ya tashi gini babu magana. Ta ce ta ji. Ta aro fartanya biyu wajen wata ’yar zumuntarsu ta coci.

Baba bai so ba. Kullum da safe sai ya goge rigarsa da dutsen guga na gawayi, ya share takalmi, ya fita neman aiki.

“Maman Alheri,” in ji shi, “don in huta da fartanya na baro ƙauye. Yanzu a ce matata tana noma a kangon mutane? Idan abokan aikina suka gan ki fa?”

“Waɗanda aka kora tare da kai, ko waɗanda suka daina ɗaukar wayarka?”

Ya sa kai ya fita.

Ni da ita muka share filin. Ina tasowa daga makaranta in tuɓe yunifom in bi ta. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, fartanya tana tsalle in ta sauka. Akwai fasassun kwalabe da ledoji da guntayen bulo, muka tsince su muka tara a kusurwa. Tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, a aji nake ɓoye shi a ƙarƙashin tebur. Zafi kuwa, in ka jingina da katangar sai ka zabura.

Sai ruwan farko ya sauko, mai ƙarfi, da iska da tsawa. Washegari Mama ta juye sauran masarar da muke ci, duk abin da ke cikin buhu, ta ce iri ne. Tana sara ina jefa ƙwaya ina takewa da diddige. Masara ta tsiro kore shar, layi-layi, har ina zuwa in tsuguna ina kallon raɓa a cikin ganyen. Daga nan sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu da la’asar, ya yi baƙi ta wajen gabas, mu fito da bokitai, iska ta watsa shi. Muka koma ɗibar ruwa a jarka daga wani rafi muna bin layi da gwangwani, ƙasa ta shanye kafin mu ɗaga ƙafa. Ganyen ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta.

Mama ta tsaya a tsakiyar filin ta riƙe ƙugu. Ta ce, “Na sani fa. Tun ina yarinya na san ba a shuka sai ruwa ya zauna. Kwanukan nan ne suka sa ni sauri.”

A makon ne Ngozi ta zo bakin labulenmu. Mama tana ciki, ta yi mini alama da ido in fita.

“Alheri, Momi ta ce wai kular nan, in kun gama da ita.”

Na ji Mama ta yi raɗa daga bayana, na maimaita abin da ta ce. “Ana wankewa.”

“Tun Ista ake wankewa? Wane irin sabulu kuke da shi haka?” Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta tsaya tana murza gefen siket ɗinta kamar akwai sauran magana, sai ta juya. Ni kuwa idona yana kan silifas ɗinta har ta shige ɗakinsu. Kular tana bayana, taku kaɗan, a bushe, a goge.

Ba su ƙara tambaya ba. Abinci ma bai ƙara zuwa ba.

Daga ranar na koyi zaman gidan ba tare da haɗuwa da su ba. Na san lokacin da Maman Ngozi ke ɗibar ruwa, sai in riga ta ko in jira ta gama. In na ji ƙarar takalminta a zaure sai in sunkuya kamar ina neman abu a ƙasa. Mama da ita suna gaisawa, “Ina kwana, Maman Alheri,” “Lafiya lau, Maman Ngozi,” kowa idonta a kan bokitinta. Na lura Maman Ngozi ta daina girki a tsakar gida, ta shigar da risho ɗaki tana rufe ƙofa. Na lura janareto ya yi shiru, kuma Baban Ngozi yana zama a kan benci da singileti ranar Talata da hantsi. Duk na gani. Amma kunya ta cika mini kai, komai na gani sai in ɗauka saboda mu ne. Na ce a raina ta rufe ƙofa ne don kada masu cinye kwano su ji ƙamshi.

Da ruwa ya zauna babu iri. Mama ta je ƙwadago a gonar wata mata can bakin rafi, ta yi mata noma na kwanaki, aka biya ta da masara. Muka sake shuka. Wannan karon ta jefa yakuwa da alayyafo da gauta a tsakanin layuka, da ’yar gyaɗa ta gefen katanga.

Sai maganar taki. Na zamani ya fi ƙarfinmu, ko tambayar kuɗinsa Mama ba ta yi ba. Akwai wani gidan kaji a kan hanya, suka ce in za mu share musu keji mu kwashi kashin kyauta. Ranar Asabar muka je. Warin wurin yana shiga ido ya sa hawaye. Muka cika buhuna, Mama ta ɗora mini ƙarami a ka, muka biyo bakin titi. Muna tafe yayyafi ya sauko, buhun ya jiƙe, ruwansa ya dinga bin wuyana yana gangarawa cikin riga. Masu keke suna wucewa suna toshe hanci, wani ya leƙo ya ce, “’Yammata, wannan turaren a ina ake sayarwa?” Na yi wanka da sabulun wanki har fatata ta yi zafi. Ranar Litinin yarinyar da muke zama benci ɗaya ta shaƙi iska ta ce, “Wallahi wani abu ya mutu a ajin nan.” Aka hau duba ƙarƙashin tebura. Har da ni a masu dubawa.

Muka zuba kashin a gindin kowace shuka, ɗanye yadda muka kwaso shi, da yawa, don Mama ta ce gara ta ƙoshi. Bayan kwana kaɗan bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an bi shi da wuta. Layukan da muka fi cika wa su suka fara mutuwa. Mama ta zauna a kan bulo ta zuba tagumi. Ban taɓa ganin ta zauna a gonar ba sai ranar. Ba ta yi kuka ba, ƙafarta kawai take kaɗawa.

Muna nan sai ga Baba, da gogaggiyar rigarsa, ya dawo daga inda aka ce masa ya sake dawowa. Ban san me ya biyo da shi ta nan ba, ranar ce farkon shigarsa filin. Ya tsuguna ya ɗebi takin ya murza.

“Ɗanye kuka zuba? Ai wannan wuta ce. Sai an tara shi ya ruɓe ya huce. Da kin tambaye ni.”

“Da ka zo,” in ji Mama.

Ya daɗe a tsugune. Sai ya cire takalmi ya ɗora a kan katanga, ya naɗe ƙafar wando, ya fara janye takin daga gindin shuka da hannunsa yana tura ƙasa. Rigar ma bai cire ba. “Alheri, me kike kallo? Kama wancan layin.” Mama ta tashi ta kama na uku. Har rana ta faɗi muna yi. Wajen rabi muka ceto. Washegari bai hura gawayin guga ba, fartanya ya ɗauka.

Watan Agusta ya zo da ruwa ba dare ba rana. Bangon ɗakinmu ya jiƙe ya yi tabo, gishiri ya narke a gwangwani, wanki ya kwana uku a igiya yana warin danshi. Itace ba ya kamawa, Mama ta yi ta fifita tana tari. A lokacin ne yunwa ta fi tsanani, don tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, sabo bai fito ba. Ganye ne ya riƙe mu. Mu tsinko yakuwa da alayyafo a dafa da ɗan gari, tsamin yakuwar ya kashe mana haƙora. A aji in malami yana magana sai in ji muryarsa tana nisa, allo yana rawa. Amma masara ta wuce tsayina, ta yi goyo, gemunta ya fito ja-ja. In iska ta bi ta cikinta tana wata ƙara kamar ana zuba shinkafa a tire. Mama takan bi layi tana matsa goyon da yatsa tana magana ita kaɗai.

Wata safiya muka iso muka tarar an buɗe ƙofar filin gaba ɗaya. Tifa ta shiga da baya ta juye yashi a kan layukan farko, tayoyinta sun kwantar da wasu. Wata tifar tana bakin ƙofa tana jira. Wani mutum mai hular kwano yana nuna wa direba inda zai zuba, shi ne mai kula da ginin.

Mama ta ajiye fartanya ta je ta tsaya a bayan motar.

“Madam, matsa mana! An gaya miki tun farko,” in ji mai hular kwanon.

“An gaya mini, Oga. Ba faɗa na zo yi ba. Masarar nan saura kaɗan ta bushe. Ku zuba a waje.”

“In zuba a waje wa zai shigo da shi? Alhaji ya ce a fara ɗakin maigadi, can ƙarshen fili. Lebura kyauta yake aiki?”

Direban ya leƙo ya ce, “Mama, ki tashi, motar nan ba ta san Yesu ba!”

Mutane sun fara taruwa a bakin katanga. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Sai na ji muryar Baba a hankali.

“Ni zan shigo da shi. Ku zuba a waje, ku bar mini hanya ta jikin katanga. Yashi da bulo duka, a kaina.”

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. “Kai? Ka taɓa ɗaukar kwanon lebura?”

“Yau zan fara.”

Haka aka yi. Baba ya yi makonni yana jigilar yashi a ka, ta wata siririyar hanya tsakanin katanga da masara, yana karkata kafaɗa don kada ya karya kara. Tsakiyar kansa ta saɓule, Mama ta yi masa gammo da tsohuwar rigar ofis. Da mai kula da ginin ya ga bai gudu ba, sai ya fara biyansa kamar sauran leburori.

Masarar da taya ta taka muka ɓare muka gasa. Na ce wa Mama ko mu dafa mu zuba a kular nan mu huta. Ta ce, “Abin da mota ta taka ba zai shiga kwanon mutane ba. Mun jira mai yawa, saura kaɗan.”

Da ruwa ya fara ja da baya muka karya masara. Ba ta kai yadda muka yi fata ba, amma ta cika buhuna, har Baba ya aro baro. Muka shanya ta a tsakar gida a kan leda, in hadari ya taso mu kwashe da gudu. Aka surfa, aka kai inji aka ɓarzo tsaki. Ranar Lahadi muna dawowa daga coci Mama ta ɗora babbar tukunya a tsakiyar gida, ba a lungu ba. Fate ta yi, da yakuwa da alayyafo da gauta, da gyaɗarmu da ta daka, da manja har ya taso sama, da busasshen kifin da Baba ya sayo da kuɗin yashi. Ta sa na jawo kwanukan daga ƙarƙashin gado. Gizo-gizo ya yi saƙa a hannun kular. Ta sake wanke su, ta cika dukkansu har murfi yana ƙin zama.

“Ɗauki kular ki fara kaiwa. Ki ɗaga kanki.”

Ban iya ɗagawa ba. Na tsallaka tsakar gida, na yi sallama a ƙofar da na yi wata da watanni ina gudu. Ngozi ta buɗe.

Ɗakin ba yadda na san shi ba ne. Inda talabijin yake sai ƙusoshi a bango. Kujerun babu, tabarma ce a shimfiɗe. Risho yana kusurwa, tukunyar kansa a kife, ranar Lahadi da azahar. Maman Ngozi ta taso daga tabarma, zanenta ya zagaye ta ya yi saura.

“A’a! Kulata ce ta dawo daga Ingila?” Ta tafa hannu. “Sannu da hanya! Ai na ɗauka kun sa ta a makaranta.”

Ta buɗe murfin, tururi ya tashi ya cika ɗakin. Kafin ta kai ƙasa Ada ta tsoma hannu cikin faten nan mai zafi, ta kai baki, ta ƙone, ta sake tsomawa. Ba wanda ya tsawata mata. Maman Ngozi ta juya ta fuskanci bango kamar tana gyara labulen taga.

Ngozi ta biyo ni don ta taya ni ɗauko sauran kwanukan. A bakin rijiya ta tsaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Shagon Dadi ya rufe tun farkon damina. Kaya sun yi tsada, ba mai gyaran mota. Dafa-dukan Ista ma da ƙyar aka yi.” Ta kalli ƙofarsu. “Ranar da na zo tambayar kula, alale Momi take so ta fara kaiwa bakin titi. A roba yana hucewa, ba mai saye. Da na koma na ce ana wankewa, sai ta ce kada in ƙara zuwa, kada Mamanki ta ga kamar gori ake yi mata saboda maganar ashana.”

Kunnuwana suka yi zafi. Duk daminar nan ina kwana a kan abin da za su ci abinci da shi, ina jin haushin sun rufe mana ƙofa.

Na shiga na gaya wa Mama yadda Ngozi ta faɗa, ban rage ba. Tana riƙe da ludayi, ta ajiye shi a hankali. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da gefen zane.

Washegari da sassafe ta auni masara ta tafi kasuwa, ta dawo da wake da ɗan manja da barkono. Ta ɗauko kwanonta na aure, babba mai murfi, wanda shi kaɗai ta hana a sayar lokacin da muke barin Barnawa. Ta juye waken a ciki. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce, “Wannan ba aiken yara ba ne.” Ita ta tsallaka da kanta. Ina tsaye a bayan labule ina jin su.

“Maman Ngozi, ga wannan. A jiƙa yau, gobe a kai bakin titi.”

Na ji an buɗe murfin.

“Maman Alheri, me ya sa ba ki ce mini komai ba?”

“Ke me ya sa ba ki ce ba?”

“To, ni dai in gaya miki gaskiya, kwanon nan naki sai kin gan shi. Ba ni da ko ashanar da zan saka.”

“Ki tura shi ƙarƙashin gado,” in ji Mama. “Ba ya tsatsa a can. Na gwada.”

Suka yi dariya, irin wadda ake yi ana jan hanci. Matan gidan suka leƙo suna tambayar me aka samu, ba wadda ta ba su amsa.

Yanzu Baba ya iya ɗora bulo, har shi ma yana da masu miƙo masa. Filin Alhaji ya zama bene, Mama ta karɓi hayar gona can gaba da rafi, kuma ko an yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya ba ta taɓa iri. Maman Ngozi tana da tebur da laima a bakin titi, daidai inda nake sauka daga keke in na taso makaranta. Kular ta koɗe, hannunta ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Kullum sai ta hango ni ta ƙwala kira, “Alheri! Zo ki karɓa, ’yar gidan masu wanke-wanke!” Ta buɗe ta zaro mini ƙulli ɗaya mai zafi. Ina karɓa da hannu biyu in yi godiya. Amma har yau, in za ta buɗe murfin, titi nake kallo.